Mai Wanke Ruwa

Ruwa ke wanke kowa a Damagaram.
Wa ke wanke ruwa?
Mutari ne, can bayan gari,
gindin dutsen nan mai kama da raƙumi a gurfane.

Kafin ladan ya gyara murya ya iso.
Ba ya kunna tocila tukuna,
hanci ke fara aiki.
In warin ya zo da nauyi, irin na ƙwan da kaza ta guje wa,
ya san tafkin farko ya ci fiye da cikinsa.
In ya zo sama-sama, kamar ƙasa bayan yayyafi,
sai ya yi hamdala, ya ɗora shayi.

Sannan raga.
Abin da gari ya ɓoye da dare, nan yake tonuwa:
leda, leda, wata ledar kuma,
ƙwallon goruba, tsatsar reza,
takalmin yaro, ƙafar hagu,
cokalin da aka juye ɗaki ana nema.
Da manjagara yake tsefe su,
bai taɓa tambayar na wane gida ne ba.

Tafkin farko baƙi ne, ba ya magana, sai gyatsa.
Na biyu ya soma gane sama.
Na uku kore shar, kwaɗi sun kafa unguwa,
balbela na tsaye a gefe cikin farar riga
kamar an turo ta duba aiki.
Mutari ya ce ma'aikatansa sun fi mutanen Birni da Zango yawa,
ido ba ya ganinsu.
Ba su bin albashi. Iska suke so, da rana,
kuma kada a zubo masu guba.

Ranar Talata aka zubo.
Daga wajen majema ta gangaro,
ruwan toka, da gashin awaki yana iyo a kai.
Ya tsoma takardar gwaji,
ta fito shuɗiya kamar daga rijiyar marina.
Ya tsoma wata. Haka.
Ya kama ƙarfen mashiga ya murɗa,
ɗaya, biyu, har goma sha ɗaya,
sai da ya ƙi motsi.

Kiyari mai lambu ya hauro yana haki.
"Kabejina ya sunkuyar da kai, Mutari.
Buɗe mini ko na awa guda."
"A'a."
"Benci ɗaya muka zauna a lakwal."
"Shi ya sa."

Kwana huɗu ba gaisuwa tsakaninsu.
Kwana huɗu wuta na ɗaukewa, inji na tari,
shi kuwa yana kan tabarma da sifana a hannu,
kunne ga famfo, kamar mai jinyar tsoho.
A littafinsa lamba na bin lamba,
shatin yatsa a gefen kowane shafi.
Babu wanda zai karanta sai ranar da abu ya ɓaci.

A na biyar, da hantsi, kwaɗo ɗaya ya yi kuka.
Bai yarda da kwaɗo ba.
Ya ɗebo a kwalba, ya ɗaga wa rana,
ya tsoma takarda, ya jira,
ya sake jira.
Sannan ya murɗa baya, goma sha ɗaya.

Da la'asar ya tarar da kabeji uku a bakin ƙofa,
ba saƙo, ba suna.

A gida Fassuma ta ajiye masa sabulu
da rabin jarka, wadda ta bi layi tun asuba ta samo.
Ya yi wanka da kofi, yana ƙirga.
Ruwan ya bi ta ƙafarsa, ya nufi magudana,
ya yi furfura da kumfa, ya gaji.
Mutari ya dube shi ya ce,
"Je ka. Sai mun haɗu da safe."